Yadda Injiniya Tambari Ya Goge Mini Mota

Duk wanda ya zauna Sakkwato a shekarun nan da kuɗin man fetur suka fara zuba, soja na kan mulki, in ya ce bai san Injiniya Tambari ba, to ko dai bai taɓa bi ta Ƙofar Atiku ba, ko kuwa hassada ce ke cinsa. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri. Ga tsawo, ga murya, ga tafiyar da in ya tsallako titi sai ka rantse yanzu jirgin sama ya sauke shi. Yana sa farar kwat irin ta likitoci har gwiwa, da biro uku a aljihun ƙirji, ja da baƙi da shuɗi, ko da yake a iya zamana da shi ban taɓa ganin ya cire murfin ko ɗaya ba. Baƙin tabarau kuwa ba ya rabuwa da shi sai in zai yi alwala. A faɗarsa, shi ne mutum na farko da ya shigo da injin goge fentin mota ƙasar Sakkwato. Ni kuma Lawwali, ƙaramin akawu a wata ma'aikatar da ba sai na ambaci sunanta ba, ni ne na farko da ya gaskata shi.

A Legas ya yi karatun injiniyancinsa. Wani attajiri ne ya tura shi ya jira masa siminti a tashar jiragen ruwa, simintin kuwa ya ƙi fitowa har wata huɗu. Cikin zaman jiran nan Tambari ya gano wani garejin Turawa kusa da masaukinsa, kullum sai ya je ya tsaya a bayan waya yana leƙen wani mutum da ke bin jikin motoci da inji. Daga bayan wayar nan ya yi digirinsa, bai taɓa sa ƙafa cikin garejin ba. Ya dawo gida babu siminti ko buhu ɗaya, amma da akwatin katako a kansa da sabon suna a bakinsa.

Abin da ke cikin akwatin inji ne mai hannu biyu da doguwar igiyar wuta. A bakinsa akwai faifai mai juyawa wanda ake ɗaura wa hular gashin tunkiya. Ya zo da gwangwani biyu na man gogewa, ɗaya mai laushi, ɗaya mai kaushi kamar an zuba masa rairayi, da wani ɗan littafi da aka rubuta da Jamusanci. Saboda littafin nan Tambari ya raɗa wa injin suna Bajamushe, kuma yana maganarsa kamar wani babban baƙo da ya sauka gidansu. In ka tambaye shi lafiya, sai ya ce lafiya lau, Bajamushe ma ya kwana lafiya.

Rumfar aikinsa ya kafa ta ne a ƙofar gidan mahaifinsa, Baba Muntari mabugi. Wannan shi ne ɗan abin da ke ɓata wa Injiniya rai a duniya. Aikin mabugi, ga wanda bai sani ba, shi ne in an rina tufa a ɗora ta kan gungume, a yayyafa mata ruwa da shuni, a yi ta dukanta da guntun icce mai nauyi har ta ɗauki ƙyalli. Baba Muntari ya shekara arba'in yana wannan aiki a soron cikin gida. Tambari ma da yana saurayi ya yi shekara biyu gaban gungumen, sannan ya gane cewa mutum irinsa bai dace da tsuguno ba, ya tsere. Yanzu duk lokacin da yake bayani a rumfa, ana jiyo tim, tim, tim daga cikin gida, sai ya yamutsa fuska ya ce wa baƙi maƙwabta ne.

Da la'asar ake buɗe majalisa. Mu masu ganin kanmu wayayyu, akawuna da malaman makaranta da 'yan kwangilar da ba su sami kwangila ba tukuna, sai mu jeru a benci. Tambari ya fito da Bajamushe a kan tire, ya jona wuta, ya ɗaga shi sama ya kunna. Injin ya yi ta juya iska minti biyar, mu kuwa muna gyaɗa kai kamar mun ga ana gina ƙasa. Sannan ya kashe, ya gyara tabarau, ya yi mana jawabi.

"Jama'a, ku duba da kyau. Zamanin dukan abu da icce ya wuce. Abin da wani ka kwana ukku tsugunne shina haɗa zuhwa, wanga Bajamushe shina gama shi kahin ka shanye hura. Ƙasag ga ta ci gaba. Wanda duk bai bi ta ba, nan za a baro shi."

Tim, tim, tim, in ji cikin gida.

Kada a ce injin bai taɓa aiki ba. Ya goge tiren da ake ɗauko shi a kai. Ya goge butar ƙarfe, da ƙwaɗon ƙofar rumfa, da ƙahon keken wani malami. Duka sun yi ƙyalli har suna kashe ido, duka kuma ba su da fenti, abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu masu ilimi. Mota dai ce bai taɓa ba. Sau ɗaya wani mai tasi ya kawo tasa, Tambari ya zagaye ta sau biyu hannu a baya, ya ce Bajamushe ba ya taɓa motar haya. Muka yaba masa da sanin darajar kai.

Tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗi nawa rabon. Ni na rubuta allon da ke saman ƙofar, da fenti ja: Kamfanin Sheƙi na Ƙasa da Ƙasa, Injiniya Tambari, Legas. Ni na ba da shawarar a ƙara Legas ɗin, don na ga masu digiri suna sa sunan garin da suka yi karatu. Ni ne kuma mai karanta littafin Jamusanci. Ban san ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba, amma ranar farko da Tambari ya miƙo mini littafin a gaban jama'a ya ce Malam Lawwali ɗan boko ne, sai na ji ba zan iya cewa ban iya ba. Na buɗe, na ɗaure fuska, na bi layi da yatsa. Daga ranar nan duk abin da Tambari ya faɗa, sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka littahin yac ce ba?" Ni kuma in ce haka ya ce.

To, ana nan sai ni ma Allah ya nufe ni da mota. Fijo ce baƙa, sabuwa fil, har da ledar kujeru. Kuma akwai dalilin da ya sa na fi kowa ɗokinta. Mahaifiyata, Inna Delu, mutuniyar Wurno ce, aure ya kawo ta Ƙofar Dundaye. Shekara talatin duk sha'anin da ya tashi a gidansu, motar albasa take hawa, irin manyan motocin nan da ke kawo albasa birni su koma da buhunan wofi. In ta isa, matan gidansu sai su ce, "Delu ta iso, tun daga ƙohwa munka ji ƙanshi." Tana dariya in tana ba ni labarin, amma na san abin yana mata ciwo. Tun ina makaranta na yi mata alkawari cewa wata rana da motata zan sauke ta a ƙofar gidansu. Sai ga shi motar ta iso ranar Litinin, ranar Alhamis kuma ana sunan jikan yayanta a Wurno. Inna ta sa aka rina mata sabon baƙin zane, ta aika wa Baba Muntari ya buga mata, ta ce shi za ta ɗaura ranar da za ta sauka daga motar ɗanta. Na ce mata ta shirya da hantsi, zan zo in ɗauke ta.

Ranar Talata wata akuya ta hau bonet ɗin motar tana miƙa wuya ga ganyen darbejiya. Da ta sauka ta bar ƙarzane guda, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Sai ka sunkuya ka karkata kai sannan ka gan shi. Ni kuwa daga nesa nake hango shi, har cikin salla.

Na fara biyawa Unguwar Rogo wurin Markus, mai gyaran jikin mota da fenti, wanda ya shekara goma sha biyar a sana'ar ba tare da ya mallaki farar kwat ba. Ya lashi yatsa ya shafa wurin, ya yi dariya.

"Malam Lawwali, wannan ai ba komai ba ne. Shigo da ita inuwa in shafa maka da tsumma da hannu, minti goma an gama. Amma kada ka yarda a sa mata inji a cikin rana. Fentin mota bai fi ɓawon albasa kauri ba. Injin nan ba a danna shi, sake masa hannu ake yi yana yawo."

Tsumma! Sabuwar mota, ta babban ma'aikaci irina, a shafa ta da tsumma kamar teburin mai shayi! Na yi masa godiya sama-sama na ja motata. A hanya ina cewa a raina, wannan shi ne matsalar ƙasar nan, mutane ba sa son ci gaba.

Tambari ya karɓe ni a tsaye. Ya cire tabarau, abin da ban taɓa gani ba a wajen alwala, ya duba ƙarzanen, ya ja dogon numfashi irin na likitan da ya ga ciwo ya yi nisa. Ya ce Allah ya taimake ni da na zo da wuri. Na roƙe shi ya yi aikin nan take, ya ce ba a gaggawa da Bajamushe, kuma aiki irin wannan na tarihi ne, dole a gayyaci mutane. Laraba ta tafi wajen gayyata da aron benci. Ya ce in kawo ta Alhamis da sassafe, kafin hantsi ya ɗaga na kama hanyar Wurno da motar da mutanen ƙauye za su riƙa duba haƙoransu a jikinta. Wannan maganar ta haƙora ita ta gama da ni.

Na kai ta da sassafe. Sai ya ce ba za a fara ba sai rana ta buɗe, don fenti ya yi laushi, kamar yadda ake jiƙa tufa kafin a buga ta. Ya sa aka tura motar tsakiyar fili, a bazarar Sakkwato, inda ko ƙadangare ba ya daɗewa. Maganar Markus ta faɗo mini a rai. Na buɗe baki zan yi magana, sai Tambari ya juyo gaban mutum kusan hamsin ya ce, "Ko ba haka littahin yac ce ba, Malam Lawwali?" Na buɗe littafin. A shafin da ya buɗe har akwai hoton rana da aka ja wa jan layi a kai, ƙuru-ƙuru. Na dubi hoton, na dubi jama'a. Na ce haka ya ce.

Sannan aka yi jawabi. Ya fara daga tarihin mota, ya bi ta Legas, ya taɓo ci gaban ƙasa, ya gode wa gwamnati. Hantsi ya ɗaga ya wuce. Ina duba agogo ina cewa a raina Inna mai haƙuri ce. Daga ƙarshe ya naɗe hannun kwat ya zo kan batu.

"Sirrin sheƙi guda na: nauyin hannu. Ko tuhwa ta, ko takalmi na, ko mota ta, abin da duk kad danne kam matsa mai, tilas shi yi ƙyalli. Turawa sun ƙera inji, ba mu hana musu ba. Amma hannun da ka riƙa shi, sai ɗan gado."

Wannan ne karo na farko da na ji ya ambaci gado.

Ya ɗebo man nan mai kaushi da cokali ya lafta a kan bonet, ya ce mai laushin na masu tsoro ne. Ya yi bisimilla ya kunna Bajamushe, ya kifa shi a kan ƙarzanen akuya, ya hau kansa da ƙirji. Wallahi har ƙafarsa ɗaya ta bar ƙasa. Man ya yi ta fantsama, ya yi wa 'yan bencin gaba ɗigo-ɗigo a riguna, ba wanda ya matsa. Da ya ɗaga injin bayan ɗan lokaci, wurin ya yi wani irin baƙi mai zurfi, ƙarzanen ya ɓace. Jama'a suka ɗauki kabbara. Na leƙa na ga fuskata, har da gashin baki. A wannan lokacin da Tambari ya tsaya, da yau wani labarin nake ba ku.

Amma ɗan gado ba ya tsayawa a kabbarar farko. Ya ce wannan somin-taɓi ne. Ya mayar da injin daidai inda ya ɗauke shi, ya ƙara nauyi. Sai wani wari ya tashi, irin na roba in ta faɗa murhu. Hular tunkiyar da ke fara tas ta koma baƙa. Da ya sake ɗagawa, a tsakiyar baƙin nan mai kyau ga wani tabo toka-toka, zagayayye, kamar sulai.

Tambari kuwa ko gezau.

"Madalla! Datti na ka hita. Gishirin teku na, tun cikin jirgi yal liƙe mata. Da ba mu hidda shi ba, shekara guda ta ruɓe. Malam Lawwali, mi littahin yac ce?"

Motata ce, idona na ganin fentinta a jikin hular tunkiya. Kalma ɗaya zan faɗa a kashe injin. Amma in na ce littafin bai ce haka ba, sai a tambaye ni abin da ya ce, daga nan kuma sai a gano wata uku ina bin layi da yatsa a banza. Na auna mota, na auna Jamusancina. Na ce gishirin teku ne, ga shi nan a shafi na tara.

Tabon sulai ya zama faifai. Da Tambari ya ga gefe ɗaya ya bambanta da ɗaya, sai ya ce dole a daidaita, ya koma ɗaya gefen ya fitar da gishirin can ma. Daga nan ya lura tsakiya ta fita daban. Kafin a jima bonet ɗina na ɗauke da tabo bakwai, manya da ƙanana. A na bakwai ɗin ya dage sosai har tokar ma ta tafi, farin ƙarfe ya bayyana yana walƙiya cikin rana. Ya ja da baya yana haki, kwat ta jiƙe sharkaf, ya nuna wurin da hannu biyu.

"Ga sheƙi nan! Wa at taɓa ganin irin wanga a garin ga?"

Gaskiya ne, ba wanda ya taɓa gani. Wasu daga bencin baya suka tuna suna da uzuri.

Sai a lokacin na lura tim, tim ɗin cikin gida ya tsaya. Baba Muntari ya fito daga soro, tsoho ɗan firit, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Warin ne ya fito da shi. Bai kalli kowa ba. Ya je ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet, ya janye da sauri, ya dubi hular tunkiyar, sannan ya dubi ɗansa.

"Tambari, shekara biyu kay yi gaban gungume, duka kaɗai kak koya. Ɗauke hannu a shekara ta ukku aka koya shi, kai ko ka gudu. Ko tuhwa in ta yi zahi hakanga barinta aka yi ta huce, in ba haka ba ta huje."

Tambari ya mayar da tabarau ya ce hwentin ne bai saba da zafin Sakkwato ba, kuma zai rubuta wa Jamus takarda. Tsohon ya juyo wurina.

"Kai kuma Lawwali, ba yau za ka kai Delu Wurno ba? Tun da sahe ta aiko anka amshi zanenta."

Yana rufe baki aka kira azahar.

Ban san yadda na isa Ƙofar Dundaye ba. Maƙwabciyarmu Dijatu na samu a zaure. Ta ce Inna tun da hantsi ta fito ta zauna a nan kan ƙunshin kayanta, duk motar da ta ji sai ta miƙe. Da rana ta take sai ta ce halan aiki ya riƙe Lawwali, ta ɗauki kayanta ta nufi tasha. Dijatu tana magana tana leƙen bonet ta gefen kafaɗata, amma ta yi mini kara ba ta tambaya ba.

Na kama hanyar Wurno, tabo bakwai a gabana, ba yadda zan yi in duba hanya ban gan su ba. Kusa da Acida na cim ma motar albasar. Daga nesa na hango Inna a can sama kan buhunan wofi, ta riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ɗayan ta rungume ƙunshinta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ta sabuwa. Na yi ta danna oda har direban ya tsaya. Aka taimaka mata ta sauko.

Ba ta tambaye ni inda na tsaya ba. Ta zagaya gaban motar a hankali, ta sunkuya, ta ƙirga tabon da ido.

"Lawwali, wagga ita ta sabuwar?"

"Ita ta, Inna."

"Makero yak kama ta?"

Mutanen saman motar albasa suka fashe da dariya. Wani ya ce a shafa mata man shanu da toka, wani ya ce a raba ta da sauran motoci kada su ɗauka. Na buɗe wa Inna ƙofa ta shiga, ta zauna a bakin kujera kan leda, ƙunshi a cinya. Muka kama hanya. Ina so in ce Tambari ne, amma na san wanda ya karanta shafi na tara.

Da muka hango gidajen Wurno sai ta ce in tsaya. Ta kwance ƙunshin, ta fito da sabon zanen. Da ta warware shi cikin rana sai da na runtse ido. Baƙi ne mai ɗaukar shuɗi, yana ƙyalli kamar an zuba masa ruwa, ko'ina daidai, babu inda ya fi wani. Na zaci canzawa za ta yi. Sai ta fita, ta shimfiɗa shi a kan bonet, ta sa na ɗaga murfin kaɗan ta cusa gefunan ta ciki, ta shafe shi da tafin hannu har ya kwanta.

"Inna, wanga na ɗaurawakki na."

"Ni sun san ni da tsohon zane. Kai ba su san ka da mota ba. Tahi sannu, kada iska shi ɗauke."

Haka muka shiga Wurno, ina tafiya kamar mai rakiyar amarya. Yara suka biyo mu, mata suka fito ƙofa suna guɗa. Mutanen gari suka ɗauka sabuwar al'adar birni ce, a lulluɓe wa sabuwar mota gaba saboda baki. Inna ta sauka a ƙofar gidansu da tsohon zanenta da ya sha hanya, ta tsaya ta daɗe tana gyara mayafi don kowa ya ga daga inda ta fito. Warin albasa na jikinta, ni kaina ina jin shi, amma ranar ba wadda ta ce ta ji ƙanshi. Motar kuwa ba wanda ya kula da ita sosai. Zanen suka yanyame, suna shafawa suna tambayar wanda ya buga shi. Inna ta ce su je Ƙofar Atiku, gidan da suka ga babban allo da jan rubutu.

Motata ta yi mako uku a Unguwar Rogo. Markus ya kankare bonet ɗin gaba ɗaya ya sake masa fenti, kuma Allah ya saka masa, bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni ko in ya gama ya shafa da tsumma ko akwai inda nake son kaiwa.

Za ku zaci na daina zuwa majalisa. Ban daina ba, da ƙafa ma nake zuwa. Benci ya ragu daga shida zuwa ɗaya, amma Injiniya na nan yadda yake. An wanke kwat, an sayo sabuwar hular tunkiya, kuma labari ya iso masa cewa motar da ta fito daga hannunsa ta tayar da Wurno tsaye, ba a maganar komai sai sheƙinta. Ni na san abin da ya yi sheƙin, ban dai ga dalilin ɓata masa la'asar ba. Ya ce da ma ya sani, mutanen ƙauye sun fi na birni gane aiki, kuma yana tunanin buɗe reshe a can.

Ranar wata Asabar muna zaune sai ga a-kori-kura ta tsaya daidai ƙarƙashin allo. Wani dattijo mai farin gemu ya sauko, aka sauke masa manyan ƙunshi biyu. Ya ɗaga kai ya dubi jan rubutun, ya yi sallama.

"Daga Wurno muke. Nan na gidan mai sheƙi?"

Tambari ya miƙe a hankali. Ya gyara kwat, ya taɓa biro ukun ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni ta saman tabarau don in shaida.

"Kun iso. Injiniya Tambari, Legas. Kahin mu hwara, bari in yi muku bayanin yadda..."

"Madalla," in ji dattijon. "Yaro, kama muna tuhwahin ga ka kai mu wurin tsohon."

Daga cikin gida ana jiyo tim, tim, tim. Tambari ya juyo wurina, wataƙila don ya ji abin da littafin ya ce. Ban zo da littafin ba. Ƙunshi biyu ne, ya ɗauki ɗaya, na ɗauki ɗaya, muka sunkuya muka bi ta ƙarƙashin allon da na rubuta da hannuna.